Yadda za ka rage ƙarar fankar kwamfutarka a zafin Yamai

Yawancin kwamfutocin tebur da ake kawo mini shago saboda ƙara, ba fankarsu ce ta lalace ba. Zafi ne ya yi musu yawa, ita kuwa fanka aikinta take yi. An ƙera ta ne ta ƙara gudu duk lokacin da cikin akwatin ya ɗau zafi. To a garin da rana ke wuce digiri 40 kusan kullum a watannin Afrilu da Mayu, ga ƙurar hunturu ta riga ta cushe kowace kafa tun Disamba, me zai hana ta ruri? Shi ya sa duk wanda ya zo ya ce mini, "Malam, don Allah rage mata gudu kawai in samu in yi aiki," nakan ba shi haƙuri. Rage gudu shi ne na ƙarshe cikin abubuwan da za mu yi. In ka fara da shi ƙarar za ta ragu, amma injin zai ci gaba da dahuwa ba ka sani ba, har ranar da zai riƙa mutuwa da kansa kana tsakiyar aiki.

Fara da kunne

Kafin ka taɓa turnabis, saurara. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan sallar isha'i ko da asuba, sa'ad da babura suka lafa. Kashe fankar ɗaki, kashe kilim in kana da shi, ka kwance bis biyun da ke riƙe da murfin gefe ta baya, ka zare murfin, sannan ka kunna kwamfutar. Fankar da ke ciki ba ɗaya ba ce. Akwai ta kan furosesa (ƙwaƙwalwar injin), wadda ke zaune bisa ƙarfen sanyaya a tsakiyar babban allo, wato faifan da komai na injin ke jone da shi. Akwai ta jikin akwati, a baya ko a gaba. Akwai wadda ke cikin akwatin wuta, inda igiyar lantarki ke shiga. In kana da katin hoto na dabam, wato mai sarrafa abin da ke fitowa a allon kallo, shi ma yana da tasa, wani lokaci biyu ko uku.

Kowace ƙara da abin da take nufi. In shuuu ne kawai na iska, mai ƙaruwa in ka buɗe aiki mai nauyi, to gudu ne, zafi ya jawo shi. In gurnani ne, gur-gur-gur, musamman da safe da ka kunna, bayan ƴan mintoci ya lafa, to sandar da fankar ke juyawa a kanta ce ta bushe ko ta ci. In ƙas-ƙas-ƙas ne a jere, duba da kyau, waya ce ke taɓa fukafukai, kuma ɗaure ta gefe guda ya gama magana. In zuuu ne mai kauri da kake ji har a jikin tebur, dafa tafin hannunka a kan akwatin. Ya yi shiru? To rawar jiki ce, ƙarfe ke kaɗawa, ba iska ba. Akwai kuma wata siririyar ƙara mai shiga kunne, tsiii, wadda ke fitowa daga katin hoto ko akwatin wuta. Wannan ba ta fanka ba ce, ƴan naɗaɗɗun wayoyin da ke kan allo ne ke kaɗawa, canza fanka goma ba zai kashe ta ba. Wadda nake tsoro ita ce tak, tak, tak daga diski. In ka ji ta, bar maganar fanka tukuna, kwashe takardunka da hotunanka zuwa wani wuri a ranar.

Don gane wacce fanka ce mai laifin, naɗe farar takarda ta zama bututu, ka sa baki ɗaya a kunnenka, ɗayan ka riƙa kai shi kusa da kowace fanka. Za ka yi mamakin yadda ƙarar ke rarrabuwa. In har yanzu kana shakka, danna tsakiyar fankar a hankali da yatsa, wurin da ke da santsi, ba fukafukan ba, ta tsaya daƙiƙa ɗaya ko biyu, ka saki. Wadda ka tsayar ɗakin ya yi tsit, ita ce. Ta cikin akwatin wuta kam kada ka zura mata komai. In ka tsayar da sauran duka ƙarar na nan, ka san ita ce.

Bayan kunne sai ma'auni. Sauke HWMonitor ko Core Temp, duka kyauta ne, ka ga zafin furosesa. A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Mutum zai ga wani a Faransa ya nuna tasa tana digiri 35, ya ga tasa tana 52, hankalinsa ya tashi. Iska ba ta iya sanyaya ƙarfe ƙasa da zafinta. Wancan ɗakinsa digiri 20 ne, kai naka 37. In ka cire zafin ɗaki, za ka ga injunan biyu daidai suke. Don haka a wurinmu, da bazara, 45 zuwa 55 ba tare da aiki ba ba abin damuwa ba ne. Da aiki mai nauyi ina so in ga ta tsaya ƙasa da 85. Yawancin furosesocin Intel suna fara rage wa kansu ƙarfi ne a wajen digiri 100, na AMD na yanzu a wajen 90 zuwa 95. Kwamfutar da ke zaune a 70 alhali ba ka buɗe komai ba, akwai matsala.

Kafin ka zargi ƙura, danna Ctrl da Shift da Esc tare. Za ka ga jerin abubuwan da ke aiki, wanda a Windows na Faransanci ake kira Gestionnaire des tâches. In furosesa na kan kashi 90 ko 100 kuma kai ba ka sa ta komai ba, to wani abu ne ke cinta a ɓoye. Sau da yawa ƙwayar cuta ce da ta shigo ta kile, musamman a wuraren buga takardu inda kowa ke zuwa da nasa. Wani lokaci kuma Windows ce ke sabunta kanta, ko shafukan intanet ashirin da aka bari a buɗe. Kashe wannan, fankar za ta sauka da kanta.

Ƙura

Nan ne rabin aikin yake, a wasu injunan ma duka. Kashe kwamfutar, zare igiyar wuta daga bango, ka danna maɓallin kunnawa na ƴan daƙiƙoƙi don sauran wutar da ke ciki ta fita. Fitar da akwatin tsakar gida, kada ka yi a ɗaki, don abin da ka kaɗe zai dawo ciki kafin dare. Tsaya ta inda iska za ta ɗauke ƙurar daga gare ka, ka rufe hancinka. Kafin ka sa hannu ciki, taɓa ƙarfen akwatin. Kada ka raina wannan a lokacin hunturu. Wannan ƴar wutar da kake ji a yatsa in ka taɓa ƙofar mota da sanyi, ita kanta ta isa ta kashe wani abu a kan allo, kuma busasshiyar iskarmu ce ke haddasa ta.

Abin da ya fi shi ne ƙaramin injin hura iska na lantarki, irin wanda masu gyara ke amfani da shi. In ba ka da shi, ana iya zuwa wurin mai faci, amma da sharaɗi. Ka ce masa ya fara fesa iskar a ƙasa tukuna, don tankinsa na tara ruwa, wani lokaci har da mai. Sannan bakin tiyon ya tsaya nesa, kamu biyu ko fiye, don ƙarfin iskarsa na iya fizge ƙananan abubuwa daga allo. Kada ka hura da baki, yawu na bin iskar. Ruwa kuwa ko kusa.

Duk fankar da za ka hura, riƙe ta da yatsa kada ta juya. Yara masu koyon aiki suna son jin kukan da take yi in iska ta kaɗa ta da ƙarfi, nakan hana su tun ranar farko. Gudun da ya wuce wanda aka ƙera ta da shi yana cin sandarta, ga shi fankar da ake juyawa da ƙarfi tana haifar da ƴar wuta da ke komawa cikin allo.

Wurin da mutane ke tsallakewa shi ne tsakanin fankar furosesa da ƙarfen da ke ƙarƙashinta. Daga sama za ka ga kamar ba komai. Kwance fankar ka ɗaga ta. Za ka tarar da wani shimfiɗaɗɗen abu ja-ja, ƙura da zaren tufafi da gashi sun haɗu sun danƙare, har kana iya ɓamɓaro shi gaba ɗaya kamar ƙanzo a gindin tukunya. Muddin wannan na nan, fankar na iya juyawa iyakar ƙarfinta, iska ba ta ratsa ƙarfen. Cire shi da hannu, ka bi tsakanin siraran faifan ƙarfen da sabon burushin fenti ko tsohon burushin haƙori busasshe, sannan ka hura. Su ma fukafukan ka goge su ɗaya bayan ɗaya, ciki da waje. Ƙurar da ta manne a kansu ba daidai take manne ba, wani ya fi wani nauyi, shi ke sa fankar rawa.

Ni a ganina akwai lokuta biyu a shekara da bai kamata a tsallake ba a Yamai. Na farko ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, hazo ya ja baya, bazara ba ta kankama ba. Wannan shi ne mafi muhimmanci, don kwamfutar da ta shiga Afrilu da ƙurar hunturu a cikinta ita ce ake kawo mini a Mayu. Na biyu bayan iskar farkon damina, wadda ke taso da jar ƙasa ta rufe gari kafin ruwa ya sauko. Wanda shagonsa ke bakin hanyar da ba kwalta, wajen Bukoki ko Talaje, shi kam kowane wata biyu ko uku.

Man furosesa

Kwamfutocin da suka fi yawa a hannun mutanenmu tsofaffin injunan ofis ne da aka gama amfani da su a Turai, HP da Dell OptiPlex da Lenovo ThinkCentre. Injuna ne masu ƙarko, ina son su. Sai dai man da aka shafa tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya tun a masana'anta, bayan shekara bakwai ko goma ya bushe ya zama gari. Aikin man nan shi ne cike ƴan ramukan da ido ba ya gani tsakanin ƙarafan biyu don zafi ya wuce. In ya bushe, zafin na tsayawa a furosesa, ƙarfen sama kuma ka taɓa ka ji shi da ɗumi kawai, fanka na ta ihu a banza. In ka share ƙura zafin bai sauka ba, nan za ka duba.

Kunna injin na ƴan mintoci ya yi ɗumi kafin ka kashe ka cire ƙarfen, man zai yi laushi. Wannan ya fi muhimmanci ga AMD masu ƙafafu a jikin furosesa, irin na AM4 da waɗanda suka gabace su. In ka fizgo ƙarfen da sanyi, furosesar na iya biyo shi, ƙafafunta su lanƙwashe. Murɗa shi kaɗan hagu da dama, sannan ka ɗaga. Goge tsohon man daga ɓangarorin biyu da tsumma mai tsabta da alkol mai digiri 90 na farmasi, ka bari ya bushe. Ɗiga sabo a tsakiya, girman ƙwayar wake, kada ka ƙara. Matsin ƙarfen ne zai baza shi. Arctic MX-4 yana da kyau in ka samu na gaske, amma ko mai sauƙin kuɗi ya fi busasshen da ke ciki. Man goge baki da na ji wasu na shafawa, kwana kaɗan yake bushewa, kada ka yi.

Wajen mayarwa, ɗaure bis ɗin a gicciye, wannan kusurwa sannan wadda ke fuskantarta, kaɗan-kaɗan har su zauna. In ƙarfen Intel ne mai ƙafafun roba huɗu, danna biyu-biyu a gicciye har ka ji ƙas. Na sha ganin injin da ƙafa ɗaya ta ɓalle, ƙarfen ya karkace, mai shi na shirin sayen sabuwar kwamfuta alhali danna abu ɗaya ne maganin.

Inda ka ajiye ta

Sauke ta daga ƙasa, ina nufin ɗauke ta daga kan siminti. Ƙura a ƙasa take kwana, duk shara da duk wucewar ƙafa sai ta taso, fankar gaba ta shaƙe. Ko benci ne ka ɗora ta. Kada ka kulle ta cikin ɗan akwatin tebur mai ƙofa, iskar da ta fitar da zafi ita za ta sake shaƙa. Bar tazarar kamu ɗaya aƙalla tsakanin bayanta da bango, kuma ka kauce wa tagar da rana ke shigowa da la'asar.

Wata hajiya mai wurin buga takardu ta kawo mini tata tana cewa ita fa ba ta gane ba, kullum a lulluɓe take da zane don ƙura, amma ƙara sai gaba take yi. Na tambaye ta, "Hajiya, in kin kunna kina cire zanen?" Ta ce, "A'a, ai lokacin ne ƙurar ta fi shiga." Niyyarta mai kyau ce. Lulluɓi yana da amfani ƙwarai, amma sai injin na kashe. In kina so ki tace ƙura yana aiki, yanki gidan sauro, falle ɗaya, ki manna a kafar da iska ke shiga ta gaba, ki riƙa kaɗe shi duk mako. Kafar fita a bar ta a buɗe.

In rawar jiki ce matsalar, tebur ɗin ƙarfe ko na siririn katako yana ƙara ta. Yanko roba daga tsohon tiyub na babur, ninka biyu, ka sa ƙarƙashin kowace ƙafar akwatin. Ƴan ƙananan yanka kuma ka sa tsakanin fanka da jikin akwati a wurin bis. Ɗaure murfin gefe da kyau, da bis ɗinsa duka biyu.

Akwai dabarar da ake yi a wuraren intanet, a cire murfin gefe a juyo da fankar ɗaki tana hura ciki. Ba na sonta. Zafin na iya sauka na ɗan lokaci, amma ka buɗe wa ƙura ƙofa, ƙarar kuma ba abin da ke tare ta. A ƙananan injunan HP da Dell ma, an tsara iskar ta bi hanya ɗaya daga gaba zuwa baya, cire murfin na wargaza wannan.

In fankar ce da kanta

Mai gurnani, wadda sandarta ta bushe, ana iya ceto ta na wani lokaci. Cire ta, juya bayanta, ɓare takardar da ke manne a tsakiya a hankali. A wasu za ka ga ɗan murfin roba, ɗaga shi da bakin allura. Ga kan sandar nan. Ɗigo ɗaya na man keken ɗinki, wanda kowane tela ke da shi, ka juya fukafukan da yatsa man ya shiga, ka goge bakin, ka mayar da murfi da takarda, in ba ta manne ba ka sa salatif. Man gyaɗa yana daskarewa ya yi danƙo. WD-40, man fesawan nan na kwance tsatsa, kuma yana wanke ɗan man da ya rage ne sannan ya bushe. Gyaran nan na ƴan watanni ne, don ka samu lokacin neman wata. Wasu fankokin a rufe suke ruf, ba kafar zuba mai, waɗannan sai canji.

Wajen sayen sabuwa, ka'idar da nake bi ita ce babba mai tafiya a hankali ta fi ƙarama mai gudu. Girman da aka saba su ne milimita 80, 92, 120 da 140. Fanka mai milimita 120 da ke juyi 1000 a minti na iya tura iskar da mai 80 sai ta ninka wannan gudun ko fiye kafin ta tura. Ƙara kuwa ba daidai da gudu take hawa ba, ta fi shi saurin hawa nesa ba kusa ba. In ka raba gudun fanka biyu, ƙararta na sauka da wajen desibel 15 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne), alhali saukar desibel 10 kaɗai kunne na jinta kamar an rage rabi. Duba ramukan bis a bayan akwatinka. Da yawa suna zuwa da mai 80 ko 92 amma akwai ramukan mai 120 a gefensu.

Ƙirga ramukan bakin wayarta. Mai uku, ana rage mata gudu ne ta hanyar rage mata wuta daga bolt 12 zuwa ƙasa. Mai huɗu, wadda ake kira PWM, wayar ta huɗu ce ke gaya mata gudun da za ta yi, kuma ta fi iya tafiya a hankali ba tare da ta tsaya ba. Ita za ka nema. Wadda ake jonawa kai tsaye da faffaɗan bakin akwatin wuta, ba ta bi ta babban allo ba, kullum a ƙarshen gudunta take, ba mai iya sarrafa ta. In kana da irinta, tana iya zama ita ce duk ƙarar gidan. Wasu injunan Dell da HP kuma bakin fankarsu nasu ne na dabam, akwai masu rami biyar, in ka sa wata ba ta shiga, ko ta shiga injin ya riƙa tsayawa da saƙon kuskure duk kunnawa. Don haka in za ka Katako ko Babbar Kasuwa, tafi da tsohuwar a aljihu. Ta hannu in za ka saya, kaɗa ta da yatsa ka ga ko tana juyawa sumul, ka girgiza fukafukan ka ji ko suna lilo, ka ce a jona maka ita ka saurara kafin ka biya. Fankokin kamfanonin Arctic da Noctua da be quiet! sun yi suna wajen shiru. Ba kullum ake samunsu a nan ba, amma in kana da mai zuwa daga waje, saƙo ne mara nauyi.

Wajen ɗaurawa, iska na fita ne ta ɓangaren da ke da sandunan roba masu riƙe da injin fankar, kuma akan sa ƴar kibiya a gefe. Ta gaba ta shigo da iska, ta baya ta fitar.

In akwatinka babba ne kuma kana da hali, abin da ya fi kowane sayayya amfani shi ne dogon ƙarfen sanyaya mai bututun jan ƙarfe da fanka mai milimita 120. Auna faɗin akwatin tukuna, don murfin ya rufu.

Akwatin wuta ba na buɗe wa kowa shi, kai ma kada ka buɗe. Akwai abubuwan da ke riƙe wuta mai ƙarfi a ciki ko bayan an zare igiya. Hura masa iska ta kafofinsa. In fankarsa ta lalace, canza shi ɗungurungum.

Yanzu sai rage gudu

Ka share, ka canza mai, ka gyara mazauni, zafin ya sauka. Yanzu kana da sararin da za ka rage gudu ba tare da ka cuci injin ba. Sake kunna kwamfutar ka shiga BIOS, wato saitin babban allo da ake shiga ta danna wani maɓalli kafin Windows ta buɗe. A yawancin alluna Del ne ko F2, a HP F10, a Dell F2, a Lenovo F1. Nemi sashen fanka. ASUS na kiransa Q-Fan, Gigabyte na kiransa Smart Fan. Fara tabbatar da cewa mai rami huɗu tana kan PWM, mai uku tana kan DC, don in aka saɓa, mai ukun za ta yi ta gudu a ƙarshe komai ka saita.

Za ka ga zaɓin shiru da aka riga aka shirya, ko kuma zanen da za ka ja da kanka, zafi a ƙasa, gudu a gefe. Kada ka kwafi na mutanen ƙasashen sanyi. Su sukan sa fanka ta fara hawa daga digiri 40, mu kuwa 40 ɗin nan ne wurin zamanmu, sai ka ga tana hawa tana sauka ba dalili. Ga inda nake farawa a injin da aka share: har zuwa digiri 50, kashi 30 zuwa 35 na gudu. A 65, kashi 55. A 75, kashi 75. Daga 85, duka. Wannan na ƙarshen ba na taɓa shi ko wa ya roƙa. In akwai wurin jinkirta hawa da sauka, sa daƙiƙa biyu ko uku. Abin da ya fi damun kunne ba ƙarar da ke tsaye wuri ɗaya ba ce, wadda ke tashi tana faɗuwa ce duk lokacin da ka buɗe shafi.

Gwajin kuma da rana za ka yi shi, tsakanin azahar da la'asar, ba da asuba ba. Buɗe aikin da ya fi nauyi a cikin ayyukanka, bar shi rabin awa, idonka a kan ma'auni. Ya wuce 85, ƙara gudu. Saitin da ya yi maka daidai a Janairu ka sake gwada shi a Afrilu.

Injunan ofis na HP da Dell ba sa ba ka wannan damar sosai. A wasu HP ma abin da ke cikin BIOS ƙara mafi ƙarancin gudu kawai yake yi, ba ya ragewa, don haka duba ko wani ya taɓa ɗaga shi, ka mayar da shi ƙasa. Ga sauran alluna akwai manhajar Fan Control, kyauta, mai yin aikin daga cikin Windows. Katin hoto kuma MSI Afterburner. In ka ga fankar sabon katin hoto a tsaye cik alhali ba ka aiki, ba lalacewa ba ce, da yawa haka aka yi su, sai sun ɗau zafi suke tashi.

Ga wata dabara ga mai aikin rubutu da lissafi kawai. A cikin saitin wuta na Windows, wurin da aka rubuta iyakar ƙarfin furosesa, mayar da 100 zuwa 99. A injuna da yawa wannan na hana furosesa yin ƙarin gudun nan da take yi na ɗan lokaci, wanda shi ke kawo zafi farat ɗaya. Mai Word da Excel ba zai ji bambanci ba. Mai haɗa bidiyo zai ji, shi kada ya yi.

In ka saita komai, bayan kwana biyu aka ɗauke wuta, ka kunna ka ji ƙarar ta dawo, duba agogon kwamfutar. In kwanan wata ya koma wata tsohuwar shekara, ƴar batirin da ke kan babban allo ce ta mutu, mai lamba CR2032, faffaɗa mai sheƙi. Ita ke riƙe saitin BIOS in ba wuta. Masu gyaran agogo na sayar da ita. Canza ta, ka sake saitin.

Masu naɗar murya, masu karatu da wa'azi da masu shirya wa gidajen rediyo talla, ku naku ya fi na kowa wuya, don makirfo na jin abin da kunne ya saba da shi har ya daina ji. Bayan duk abin da na faɗa, ku canza tsohon diski mai juyawa da SSD, wanda ba abin da ke motsi a cikinsa. Sannan ku nisanta akwatin. A fili, duk ninka tazara na rage wajen desibel 6, a ɗaki bai kai haka ba saboda bango na maido da sauti, amma yana taimakawa. Bayan makirfon ya fuskanci kwamfutar, ba gabansa ba. Wanda ke da ɗaki na kusa, ya huda bango ya wuce da dogayen wayoyin allon kallo da na USB, akwatin ya zauna can, da sharaɗin ɗakin na samun iska kuma ba rufaffen sito ba ne mai rufin kwano.